Tambaya da amsa: Da gaske ne waliyyai mayaƙa ƙarfe baya cin su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne shekarata 27, manomi, daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara. Bara da damina ɓarayin daji suka shigo mana da daddare, ni ina cikin waɗanda suka faɗa cikin gero, a can na kwana kwance ina jin ihun mutanenmu ban iya ɗaga ko kai ba, da gari ya waye muka binne waɗanda aka kashe har da ƙanen babana. Malam tun daga ranar bana ganin kaina a matsayin namiji, ko salansar babur ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wani abokina ya haɗa ni da wani malami a WhatsApp, yace yana da sirrin da Shehu Usmanu da su Sidi Abdulƙadir suka yi yaƙi da shi, wai su kibiya da takobi basa cin su kuma basu san tsoro ba. Ya bani wasu sunaye in riƙa ja ƙafa 7,000 kullum a tsakar dare har kwana 41, kada in ci nama kada in faɗa wa kowa, in na gama in cika masa naira dubu 180 da baƙin rago ya sa a ɗinka min guru. Na riga na tura dubu 60. Yau kwana 19 kenan bana iya barci, wani lokaci ina jin kamar ana kiran sunana, shi kuma yace alama ce rauhanai sun fara zuwa. Malam tsoro ya ƙaru min maimakon ya ragu. Shin gaskiya ne waliyyai suna da irin wannan sirri? In kuma ba haka bane, ta ina mutum ke samun ƙarfin zuciya irin nasu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah ɗana. Allah ya jiƙan baffanka da duk waɗanda aka kashe muku, Allah ya karɓi shahadarsu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Kafin in ce komai, sunayen nan ka ajiye su yau ɗin nan, kada ka jira kwana 41 kada ka jira ka gama karanta wannan amsar ma. In yace maka wanda ya yanke a tsakiya zai haukace ko rauhanai zasu taɓa shi, ƙarya yake, da wannan igiyar suke ɗaure mutane. Abin da ke neman taɓa maka hankali shine kwana 19 ba barci a kan zuciyar da dama tana ɗauke da firgici. Kowane ɗan Adam in ka hana shi barci sati biyu sati uku ka rufe shi a ɗaki cikin duhu yana maimaita kalmar da bai san ma'anarta ba sai ya fara jin sauti, ba sai wani rauhani ya zo ba. Zan dawo kan wannan a ƙasa.

Toh yanzu maganar waliyyai, kuma ka yi haƙuri zan daɗe a nan domin wallahi babu satin da zai wuce ba a kawo min irin wannan zancen ba, kuma na gaji da zuwa jana'izar yaran da aka yaudara da shi.

Tunda da sunan Shehu aka zo maka, mu fara da shi. Kasan Shehu Usmanu an haife shi 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, kuma hijirarsa daga Ɗagel zuwa Gudu sai a farkon 1804. Ka lissafa da kanka, shekara 30 mutumin nan yana yawo ƙasar Gobir da Zamfara da Kabi yana karantar da tsarki da sallah da tauhidi, yana rubuta littattafai, yana waƙe da Fulatanci don talaka ya gane, kafin a harba kibiya ɗaya. Da aka fara yaƙin kuma, eh an yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yunin 1804, kowa ya san wannan kuma shi masu tallan sirri suke faɗa. Amma me yasa basa faɗar Tsuntsuwa? A ƙarshen wannan shekarar dai, kusa da Alƙalawa babban birnin Gobir, Gobirawa da Azbinawa suka afka wa jama'ar Shehu aka kashe kusan mutum 2,000, a cikinsu kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Ɗana ka tsaya ka yi tunani a kan wannan adadin. Mahaddata 200, almajiran Shehu na kusa, waɗanda suka zauna a gabansa suka sha daga bakinsa, mutanen da in da akwai wani sirrin hana ƙarfe cin jiki to su ne zasu fara samu kyauta ba tare da rago ba. Kibiya ta ci su, mashi ya ci su, aka binne su. Shekara ta zagayo a Alwasa ta wajen Gwandu aka sake yi musu mummunar ɓarna. Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda ya jagoranci Tafkin Kwatto, shi kansa kibiya ta same shi a ƙafa a harin farko da aka kai Alƙalawa. Banda yunwa da cuta da suka cinye mutane a tsakanin waɗannan yaƙoƙin. Ba Turawa suka rubuta mana wannan don su ƙasƙanta su ba, su da kansu suka rubuta, Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri, Abdullahi ya yi wa abokansa da aka kashe waƙoƙin makoki a Tazyinul Waraƙati. Basu ɓoye ba domin a wurinsu mutuwa a wannan hanyar ba abin kunya bane, abin nema ce. To ta yaya mutumin da ke roƙon shahada zai ɗaura gurun hana shahada? Wannan kaɗai ya isa mai hankali.

Alƙalawa bata faɗi ba sai 1808, shekara huɗu ana fama ana ci ana cin su. Kuma Shehu a lokacin ya haura 50, aikinsa jagoranci ne da addu'a da fatawa da rubutu, filin daga kuwa su Abdullahi da Bello da Aliyu Jeɗo ne ke riƙe da shi da dabarun yaƙi da 'yan baka da leƙen asiri kamar kowace runduna.

Nasan abin da za a ce maka, za a ce ai Sarkin Gobir Yunfa ya harbi Shehu a fadarsa bindigar ta fashe ta ƙone shi. Ana ruwaito wannan, kuma ni ban musa karamar waliyyai ba, ɗan ɗariƙa ne ni tun ina yaro kuma aƙidar Ahlus Sunna ce karama gaskiya ce. Amma karama kyauta ce da Allah ke yi wa bawansa a lokacin da ya so, ba bawan ke riƙe da makullinta ba, bare ya ƙulla ta a fata ya sayar wa wani a WhatsApp. Allahn da ya kare Shehu ranar nan shine ya ƙaddara Tsuntsuwa. Kuma Shehun da ake jingina wa wannan ciniki shine ya rubuta a Nurul Albabi yana sukar masu sihiri da masu duba da bugun ƙasa da masu wulaƙanta sunayen Allah da ayoyi da sunan asiri. Shine da mutane suka fara cewa Mahadi ne ya fito ya ƙaryata a rubuce. Shine a Magami, wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai da sallah ya yi musu kyauta, ya ƙi karɓar dukiyar yace a maimakonta a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa masa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya miƙa masa zinariya ya ƙi, yau kuma wani ya zo da sunansa yana karɓar dubu 60 daga hannun manomin da aka kashe wa baffa. Haba jama'a, ina tsoron Allah?

Mu bar Shehu mu hau sama. Wa ya kai Manzon Allah (SAW) kusanci da Allah? Ranar Uhudu sulke biyu ya saka, ɗaya kan ɗaya. An fasa masa goshi, an karya masa haƙori, zoben kwalkwali ya shige kumatunsa mai albarka, jini na zuba Nana Faɗima na wankewa har sai da ta ƙona guntun tabarma ta sa tokar a wurin sannan ya tsaya. Sayyadina Hamza ya faɗi a wurin, Mus'abu ɗan Umairu ya faɗi, sahabbai 70. Sayyadina Umar wuƙa ce ta kashe shi a cikin mihrabi yana limanci, Sayyadina Ali takobi ne a masallacin Kufa. Khalidu ɗan Walidu da ya rasu a kan shimfiɗarsa jikinsa duk tabon sara ne da suka. In malaminka na WhatsApp yana da abin da waɗannan basu samu ba to ka tambaye shi daga ina ya samo, domin ba ta hanyarsu ya biyo ba.

Kuma ba nan kaɗai ba, duk inda ka duba malaman tarbiyya da suka ɗauki makami labarin ɗaya ne. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, Baƙadire ɗan shehin zawiya, ya yaƙi Faransa daga 1832 zuwa 1847, kuma abin da ya yi shine ya kafa runduna mai albashi da horo ya gina wuraren ƙera makamai, ƙarshe da ya ga jinin mutanensa kawai ke zuba ya ajiye makami, aka tsare shi a Faransa shekaru. Umar Mukhtar na Libiya malamin allo ne Basanusiye, shekara 20 yana fama da Italiya, aka harbi dokinsa aka kama shi da rauni a jiki aka rataye shi a watan Satumban 1931 yana tsoho ya haura 70. Sarkin Musulmi Attahiru harsashi ne ya kashe shi a Burmi a 1903 tare da ɗimbin jama'arsa. Waɗannan su ne mutanen da muke kira jarumai, babu ɗaya da fatarsa ta gagari ƙarfe.

Su waye tarihi ya nuna mana sun yi wa mabiyansu alkawarin harsashi zai zama ruwa? A ƙasar Tanzaniya ta yau, 1905, wani mai bori ya raba wa mutane ruwan da yace zai narkar da harsashin Jamus, mutane suka tunkari bindiga mai jigida da ƙirji, aka yi ta zubar da su, yunwar da ta biyo baya ta kashe dubbai a kan dubbai. A nan gida kuma ka tambayi duk dattijon Kano abin da ya faru a 'Yan Awaki a Disambar 1980, yaran Maitatsine da layu da guraye a jiki suna ganin babu abin da zai taɓa su, sama da mutum 4,000 suka mutu shi ma jagoran ya tafi a ciki. Kaga layin da mai wannan alkawarin yake, ba layin Shehu bane.

Bari in faɗa maka abin da na gani da idona, ba ji na yi ba. Akwai wani yaro da ya taɓa karatu a zaurena, ya kai Ishmawi ya bari ya koma garinsu ya shiga 'yan sa-kai, yaro mai ladabi wallahi, in ya zo gaishe ni sai ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Ranar da aka kawo gawarsa ina cikin masu wanka. Da muka cire masa riga sai ga guru zagaye da ƙugunsa, kambu biyu a damtse, layu a wuya sun kai goma, fatar duk ta yi baƙi da gumi, ga ramin harsashi a ƙasan haƙarƙari yatsa biyu kacal daga gurun. Sai da muka sa reza muka yanke su kafin mu iya wanke shi. Bayan an dawo daga maƙabarta na ce wa mahaifinsa ya bani izini in buɗe ɗaya, ya ce buɗe Malam. Na farke ɗinkin, a ciki takardar buhun siminti ce an nannaɗe da zare, an zana wasu gidaje kamar hatimi an cika su da haruffan da ba su haɗa kalma ko ɗaya ba, ko bisimilla babu. Tsohon nan ya karɓa ya jujjuya ta a hannu, bai iya karatu ba, ya tambaye ni wace aya ce, na rasa abin da zan ce masa. Saniya ya sayar aka yi wa yaron wannan ɗamarar. Da aka je wa wanda ya haɗa ta da maganar cewa ya yi yaron ne ya karya sharaɗi, wai ya ci miyar kuɓewa.

Kullum haka ne, sharaɗin shine ƙofar gudunsu. Kada ka ci kaza, kada ka bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, kada mace ta tsallake rigarka, kada ka waiwaya. In ka dawo da rai maganinsa ne ya yi aiki, in ka mutu kai ka karya sharaɗi, kuma gawa bata gardama. Gwajin da suke yi a gabanka ma na san yadda ake yinsa, bindigar toka ce a ɗura albarushi ba a sa ƙwayar ƙarfe ba, ta yi ƙara ta yi hayaƙi akuya ta tashi tana tafiya kowa ya yi kabbara. Wuƙa kuma akwai gefen da aka dakusar akwai yadda ake dannawa ba a ja ba. Wanda bai iya dabarar ba shine kake ji a labarai an harbe mutum wajen gwajin maganin bindiga an kama mai maganin. Wasu kuma rubutun da zasu baka ka sha an jiƙa ƙwaya a ciki, ka ji jikinka ya yi zafi tsoro ya tafi ka ɗauka asiri ne, alhali tramol ne ke aiki. Ni tambaya ɗaya nake cewa a yi musu, ya ɗaura gurun ya shiga gaba ku bi shi a baya zuwa dajin. Ba zai je ba. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin bane. Yaron da ya yarda harsashi baya cinsa baya kwanciya a ƙasa in ana harbi, baya neman mafaka, baya jin maganar wanda ya fi shi sanin daji, tsaye yake tafiya, shi ake fara ɗauka. Sannan irin wannan zafin kan da ba ilimi a ƙarƙashinsa shi ke kai matasa su tare mutumin da bai ji ba bai gani ba a hanyar kasuwa su kashe shi don yarensa ko kamanninsa, a ce an rama. Wannan ba jarumta bace, ɗaukar alhakin rai ne, kuma ina roƙonka da girman Allah duk zafin da ke ranka kada ka bari a ja ka can. Amir Abdulƙadir ɗin da na ambata, bayan Kiristocin Faransa sun ci ƙasarsa sun ɗaure shi, a 1860 da rikici ya tashi a Dimashƙa ana kashe Kiristocin garin shine ya fito da mutanensa ya buɗe gidansa ya tsare dubbansu. Mutumin da ke da duk dalilin da zai sa ya kau da kai. Nan ake gane wanda tarbiyya ta ratsa.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta gaskiya. Da farko cire wa ranka cewa su basu san tsoro ba. Alƙur'ani ya faɗa mana Annabi Musa ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafan Fir'auna, ya faɗa mana ranar Ahzabu idanun sahabbai sun karkata zukata sun kai maƙogwaro. Kai da ka kwanta a cikin gero hannu ba komai a gaban masu AK, ba ragonta ka yi ba, da ka tashi da an binne ka tare da baffanka kuma da babu wanda zai noma wa mahaifiyarka bana. Abin da ke damunka yanzu, faɗuwar gaba da jin ƙara, rashin barci, ganin abin yana dawo maka, ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga tashin hankali, yana kama soja ma, kuma likitoci suna da maganinsa. Ka je asibiti ka faɗa wa likita komai har da jin kiran sunan, in sun tura ka asibitin ƙwaƙwalwa irin na Kware ko na Kaduna ka je kada ka ji kunya, zuwa can ba shi ke nufin hauka ba. Kuma ka karya wannan sharaɗin na kada ka faɗa wa kowa, yau ka zauna da mahaifiyarka ko wani babba da ka yarda da shi ka faɗa masa. Duk malamin da farkon darasinsa shine ka ɓoye wa iyayenka to ka san ba alheri yake nufinka da shi ba.

Ƙarfin da kake gani a wurin su Shehu kuwa ba a dare 41 aka same shi ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Shekaru ne na zama gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umar, na sallar dare, na cin halal, na haƙuri da cutarwar sarakuna, har mutum ya kai inda abin da yake tsoro ya koma guda ɗaya. Ka dubi Malam Abdullahi, ana tsakiyar yaƙi kafin ma a ci Alƙalawa, ya duba ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga ganima da mulki da dawaki da tufafi, sai ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar tafiya Makka, sai da Kanawa suka tsayar da shi ya zauna ya karantar da su ya rubuta musu Liya'ul Hukkami sannan ya koma. Mutumin da bai gudu daga kibiya ba ya gudu daga son duniya. Abin da suke tsoro kenan, kuma shi yasa sauran abubuwa suka yi musu ƙanƙanta. Annabi (SAW) ya faɗa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa ba mai kayar da mutane a kokawa ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shine wanda ke mallakar kansa lokacin fushi.

Malamin tarbiyya na gaskiya kuma ba a ɓoye yake ba. An san garinsu, an san malamansa da wanda ya bashi izini, ana ganinsa a sahun sallah, zai fara tambayarka ne ko ka iya alwala da farillan sallah kafin ya baka wani wuridi, abin da zai baka kuma istigfari ne da salatin Annabi da hailala, kalmomin da ka san ma'anarsu, da adadin da ba zai hana ka barci da noma ba. Halwa ma da ake magana ba a sa sabon shiga, kuma ba a yinta ta waya, shehi na kusa yana duba halin almajirinsa kullum. Magabatan sufaye irin su Abu Yazidal Bisɗami sun yi gargaɗi cewa ko ka ga mutum yana tashi sama kada ka ruɗu da shi sai ka ga yadda yake da umarni da hani na shari'a. Wanda ya baka sunayen da ba a Alƙur'ani suke ba ba a hadisi ba, shi kansa in ka matsa masa ba zai iya fassara maka su ba, ka sani ko wa kake kira a tsakar daren nan? Wannan fa ya wuce asarar kuɗi, yana iya taɓa imaninka.

Ka riƙe abin da ya tabbata, ya ishe ka. Azkar na safe da yamma, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi in zaka kwanta, Bismillahil lazi la yadurru ƙafa uku safe da yamma, da addu'ar da Annabi (SAW) ya yawaita wadda a cikinta yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da kasala da ragwantaka, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan har ƙarshenta, kowane ɗan littafin azkar yana da ita. Da Hasbunallahu wa ni'imal wakil, kuma ka san waɗanda suka faɗe ta, mutanen Uhudu ne washegarin ranar da aka kashe musu 70, da raunukansu a ɗaure suka sake fita zuwa Hamra'ul Asad. Ka yi su da niyyar Allah ya tsare ka ya natsar da zuciyarka, ba da niyyar ka tsaya gaban bindiga ba. Sallar asuba a jam'i kada ta wuce ka, ka koma makarantar dare ko littafi ɗaya ne ka riƙa ɗauka a gaban malamin garinku, ka koma cikin mutane ka daina zaman ɗaki kai kaɗai. In garinku na da tsarin tsaro da hukuma da masu gari suka sani, akwai aiki da yawa a ciki banda riƙe bindiga, akwai sintiri, akwai sanar da jama'a da wuri, akwai sanin ta inda za a fitar da mata da yara da tsofaffi in an ji motsi. Mutumin da ya taɓa kwana a cikin gero ya san hanyoyin nan fiye da kowa, kuma ranar da ka fitar da yara biyar lafiya zaka ji abin da ke ƙirjinka ya fara sauka.

Dubu 60 ɗin nan ka tura masa saƙo ɗaya ka nemi ya dawo da su, ka ajiye shaidar turawar da duk maganganunku, in ya fara yi maka barazana da aljanu ko da asiri ka nuna wa mai garinku ko 'yan sanda sannan ka toshe lambarsa, ba abin da zai iya yi maka sai abin da Allah ya rubuta. Abokinka da ya haɗa ku shi ma ka karanta masa wannan domin ina jin tsoron ya riga ka nisa. Ragon kuma in ka riga ka saya kada ka kai, ka bar shi a gida ka kiwata, in layya ta zo ka yanka ka kai wa iyalan baffanka kasonsu. Bayan sati biyu ka sake rubuto min ka faɗa min yadda barcinka yake da abin da likita yace, ina jira ɗana.